Wasiƙar da Odarka Ta Sa wa Hannu

Unguwarmu tana arewacin Winnipeg, da zarar ka tsallake layukan dogo, kuma a wancan zamani mu 'yan Ukraniya zaure biyu gare mu, na coci da na ma'aikata. Kafin babban yaƙin duniya na biyu mutum yakan yi addu'a a wannan da safe, da la'asar ya kai 'yarsa koyon kiɗa a wancan, ba mai ce masa don me. Bayan yaƙi ne lamari ya juya. Rasha da aka yi ƙawance da ita jiya ta koma abokiyar gaba, Kanada ta shiga NATO, sai aka fara bin diddigin kowace ƙofa mutum ya taɓa shiga shekara goma sha biyar baya.

Ostap Demchuk yana gyaran injin jirgin sama a wani kamfani da ke gefen filin jirgi, wanda yawancin aikinsa na soja ne. Dogo ne mai sanyin baki, in ya ce "to" sau biyu a yini an sha hira. Matarsa Odarka ce ke yi wa gidan duka magana. Gajeruwa ce mai kaurin damtse, shekara ashirin tana kan keke a masana'antar ɗinkin rigunan sanyi, kuma ko mai kula da su ba ya son haɗuwa da ita ranar da ranta ya ɓaci. Ɗansu ɗaya ne, Levko, ɗan shekara goma sha tara, yana koyon aiki a hannun ubansa.

Gida na uku daga nasu shi ne na Prokop Sawchyn da matarsa Tekla. Jirgin ruwa ɗaya ya kawo Prokop da Ostap daga tsohuwar ƙasa, kuma kamfani ɗaya suke aiki. Prokop ne ya riƙe Levko ranar baftisma, Odarka kuma ta riƙe Orest ɗan Prokop, shi ya sa mazan biyu suke kiran juna "Kum", zumuntar da mu muke ɗauka daidai da ta jini. Da kogi ya yi ambaliya a bazarar 1950, su biyun kafaɗa da kafaɗa suka yi mako biyu suna jera buhunan yashi, iyalin Prokop kuwa a saman benen Odarka suka zauna har ruwa ya janye.

Ruwan bai gama bushewa daga ɗakunan ƙasa ba yaƙi ya ɓarke a Koriya. A ƙarshen Yuli aka kira Ostap ofis. Ya tarar da baƙi biyu, jami'an gwamnati daga Ottawa, kowanne da hularsa a gwiwa. Suka tambaye shi ko gaskiya ne shi ya kafa dandamalin zauren ma'aikata a 1934. Ya ce gaskiya ne, an roƙe shi ya gyara katako ya gyara. Suka tambaye shi ko ya taɓa karɓar jaridar zauren. Ya ce matarsa takan naɗe ƙwai da ita. Ba wanda ya yi dariya. Suka ce wata wasiƙa ta zo a kansa, ba za su faɗi daga wa ba, kuma mutum irinsa ba zai ƙara taɓa jirgin soja ba. Kafin azahar shi da Levko suna tsaye a bakin titi da akwatin kayan aikinsu.

Prokop ne ya fara zuwa jaje. Ya zauna a kicin yana girgiza kai.

"Kum, wannan wane irin ɗan iska ne? In na gano shi, da hannuna zan karya masa yatsu."

"Bar shi," in ji Ostap.

"Bar shi?" Odarka ta dire tukunya a kan murhu. "Kai komai bar shi. In an zare maka wando a kasuwa ma cewa za ka yi bar shi."

Labari ya zaga unguwa cikin kwana biyu: gidan Demchuk 'yan ja ne, wato 'yan kwaminis. A coci aka fara barin tazara tsakaninsu da sauran masu zama a benci. Yarinyar da Levko yake nema, ubanta ya tare shi a ƙofa ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa. Duk inda yaron ya nemi aiki sai a ce ya dawo wani mako.

A watan Agusta gwamnati ta yi shelar tana neman masu sa kai zuwa Koriya, kuma a gaggauce ake ɗauka, duk mai ƙafa biyu da ido biyu ya samu shiga. Levko ya dawo wata ranar Talata da takarda a aljihu.

"Mama, na sa hannu."

Odarka ta kalle shi, ta kalli takardar. "Ka je ka ce musu kuskure ka yi."

"Ba kuskure ba ne. In na je na yaƙi 'yan ja da bindiga, wa zai sake buɗe baki ya kira Tato, uban da ya haife ni, ɗan ja? Sai su mayar da shi aikinsa suna ba shi haƙuri."

"Wa ya aike ka wanke sunan wani? Sunan banza! Ni ɗa na haifa, ba sabulu ba."

Ya yi dariya ya rungume ta ta baya, kamar yadda ya saba in yana son ta sauko. Ba ta sauko ba. Ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, a na huɗu ta zauna ta saƙa masa safa ƙafa shida.

Wasiƙunsa sun yi ta zuwa shekara guda, yana ba da labarin laka da ƙudaje da yadda sojojin Ostareliya ba su iya dafa komai ba. A Nuwamban 1951, da hantsi, Odarka tana share ƙanƙara a ƙofar gida aka miƙo mata telgiram. An kashe shi a kan wani tsauni da ba shi da suna sai lamba, an binne shi a Pusan, can Koriya. Ba gawa, ba akwati. A addu'ar da aka yi masa a coci, Prokop ne ya ja waƙar makoki da babbar muryarsa, hawaye na bin gemunsa. A lokacin ya riga ya zama shugaban sashen injuna, kujerar da kowa ya san da Ostap za a ba.

Ba a mayar da Ostap aikinsa ba. Ya koma sauke kwal a tashar jirgin ƙasa, bayansa ya ranƙwafa, maganarsa ta ƙara raguwa. Mutane suka dawo suna gaishe su, tunda yanzu iyayen soja ne da ya mutu a fagen fama. Odarka takan amsa gaisuwar, amma duk wanda ya miƙo mata hannu sai ta dubi yatsunsa ta ce a ranta, ko waɗannan ne suka riƙe alƙalamin? Shekara bakwai tana wannan kallo. Ta zargi mai kantin nama, ta zargi mai kaɗa ƙararrawar coci, har wata ƙawarta ta daina yi wa magana a kan zato kawai. Yatsun da ba ta taɓa duba ba su ne na Prokop.

A watan Satumba na 1958 aka yi wani biki a zauren coci. Odarka tana kicin da sauran mata, tun safe suna naɗa pirohi, suna cusa dankali da cuku a cikin kwaɓin fulawa suna jefawa a tafasasshen ruwa. Wajen la'asar sauran suka fita kallon rawa, ita ta tsaya wanke tukwane kusa da 'yar tagar da ake miƙa abinci. A ɗaya gefen tagar Prokop ne zaune da wani baƙo da bai daɗe da zuwa daga Turai ba, kwalba a tsakaninsu ta kusa ƙarewa. Prokop a lokacin shi ne shugaban kwamitin zauren, shi ke jawabi duk shekara a kan zaluncin Moscow.

"Ku can kun yaƙe su da bindiga," yake ce wa baƙon, harshensa ya yi nauyi. "Ni nan da alƙalami na yi nawa. Mutum biyar na share daga kamfaninmu, takarda ɗaya tak. Ban duba fuskar kowa ba. Har kum ɗina yana ciki, mutumin da na riƙe wa ɗa a coci. Ka ga kishin ƙasa ko ba ka gani ba?"

Odarka ta tsaya da tukunya a hannu, ruwan zafi yana zuba a kan takalminta ba ta ji ba. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye tukunyar a hankali, ta kwance gyalen aikinta ta ninke, ta fita ta ƙofar baya.

Ta sami Ostap a bayan gida yana haƙar dankali.

"Prokop ne," ta ce.

Bai ɗago ba. Ya sa cebur ya juya ƙasa.

"Ka ji ni? Na ce Prokop ne ya rubuta."

"Na sani."

Ta zo ta tsaya a kan cebur ɗin da ƙafarta. "Tun yaushe?"

"Tun ranar. Sun tambaye ni wane irin katako na sa a dandamalin. Mu biyu kaɗai muka yi aikin nan, ni da shi."

"Shekara takwas, Ostap. Shekara takwas yana shigowa gidana ina zuba masa miya. Ya tsaya a gaban hoton ɗana yana waƙa, kai kana kallo."

"Tsoro ne ya sa shi. Shi ne ɗan jam'iyya na gaske, ni katako kawai na buga. Ya ga ana bincike, sai ya riga su kai suna. Da na faɗa miki me za ki yi? Levko zai dawo?"

"Ɗan jam'iyya," ta maimaita a hankali. "Wa zai shaida?"

Idon Ostap ya kai ga rufin gida kafin ya mayar da shi ƙasa. Shekara talatin suna tare, ba ta buƙatar fiye da haka. Ta ɗauki tsani ta hau.

A tsakanin katakon rufi ta sami wani gwangwanin shayi ya yi tsatsa. A 1940, lokacin da hukuma ta rufe zauren ma'aikata tana kama manyansa, Prokop ya kawo wa Ostap gwangwanin ya ce ya ƙona. Ostap ba ya iya ƙona abin wani, sai ya ɓoye, ya bar shi a nan. A ciki akwai katin jam'iyyar kwaminis da sunan Prokop Sawchyn, da takardun taro da shi ya rubuta a matsayin magatakarda, da hoton jerin gwanon ranar ma'aikata, Prokop a sahun gaba riƙe da jar tuta, bakinsa a buɗe yana waƙa.

Ostap yana jiranta a gindin tsani.

"Odarka, ba shi kaɗai zai faɗi ba. Orest saura wata uku ya gama koyon tuƙin jirgin yaƙi a sansanin Gimli. Za su tura shi Jamus. In wannan ya fita, ba zai sake hawa jirgi ba."

"Na sani."

"Ke kika riƙe shi a coci."

"Shi ma ya riƙe nawa."

Ranar Lahadin da ta biyo baya Orest ya zo gaishe ta, kamar yadda yakan yi duk lokacin da ya samu hutu. Ya shigo da shuɗin kakinsa, ya cika ƙofa, da ƙunshin kyafaffen kifi daga tafki a hannu.

"Inna, ga naki. Na ce wa mai kifin in bai zaɓo masu kyau ba uwata za ta zo da kanta, nan take ya zaɓo mini manya-manya."

Ta zaunar da shi ta cika masa faranti. Yana ci yana ba ta labarin jirgin da zai tuƙa a Jamus, wai in ya tashi daga sansaninsu minti kaɗan ne ya kai iyakar Rasha da ƙawayenta. Ya ce yakan tuna Levko in yana sama, shi ne ya fara ɗora shi a kan keke. Odarka tana tsaye tana kallon ƙeyarsa, inda aski ya bar fata fari. Shekararsa ashirin da biyu. Nata bai wuce ashirin ba. Ta ji tausayi ya taso mata, ta tsaya ta auna shi, ta ga bai kai abin da ke cinta a kan Prokop ƙarfi ba.

"Ƙara," ta ce, ta sake zuba masa.

Turancinta na masana'anta ne, na faɗa da mai kula da aiki, ba na rubutu ba. Ta ɗauko ƙamus ɗin makarantar Levko ta zauna a teburin kicin, kullum in ta dawo aiki sai ta rubuta layi biyu ko uku na wasiƙa zuwa ga hukuma. Sai da ta yi mako guda. Ba ta ƙara gishiri ba, ba ta ce ya yi abin da bai yi ba. Ta faɗi abin da ke cikin gwangwani, ta faɗi inda mai shi yake aiki da inda ɗansa yake. A ƙasa ta rubuta cikakken sunanta da lambar gidanta, ta ƙara da cewa ita ce mahaifiyar soja Levko Demchuk da ke kwance a Pusan.

Ostap ya karanta a tsaye. "Shi bai sa sunansa ba."

"Shi ya sa na sa nawa."

"Abin da aka yi mana za ki yi wa wani."

"A'a. Mu ƙarya aka yi mana. Wannan gaskiya ce."

Da safe ta kai gidan waya da kanta, ta tsaya har ta ga an buga hatimi.

Bayan mako uku baƙi biyu suka zo, ba waɗancan ba ne amma hulunansu iri ɗaya. Ta ba su shayi, ta amsa duk abin da suka tambaya. Ƙaramin cikinsu ya ce, "Uwargida, me ya sa sai yanzu?" Ta ce, "Sai yanzu na hau rufi."

Daga nan abin bai ɗauki lokaci ba. Kafin Kirsimeti aka sallami Prokop, shekara biyu kafin ya yi ritaya. Orest kuwa saura kwana tara a liƙa masa alamar fukafukai ta matuƙan jirgi a ƙirji aka kira shi aka ce ya miƙa kayan tashinsa. Aka ce zai iya zama a ƙasa yana ƙirga barguna a sito in yana so. Ya ajiye kakin ya dawo gida. 'Yan ajinsu suka tafi Jamus a Janairu.

Unguwa ta sake ɗaukar labari, wannan karon da daɗi a baki, don mutumin da ya yi shekaru yana nuna wasu da yatsa ne aka kama da jar tuta. Kwamitin zaure ya sauke shi ba tare da an kira shi taron ba.

Ranar Lahadi ta biyu a Janairu aka fito daga coci, sanyi yana yanka kunne, mutane suna ɗaura mayafi a kan matakala. Prokop ya ratsa su ya nufo Odarka. Ya rame, gashin bakinsa ya yi fari da raɓar numfashi.

"Pani Demchuk," ya ce. Wato Uwargida Demchuk; bai taɓa kiranta haka ba, da sunanta yake kiranta tun suna matasa. "An ce ke ce."

"Ba sai an ce ba. Sunana yana ƙasan takardar, ka roƙe su su nuna maka."

"Me yaron ya yi miki?"

"Me nawa ya yi maka?"

Mutane suka daina saukowa. Odarka ta ɗaga murya yadda na bayan ƙofa ma zai ji.

"Faɗa musu, Prokop. Faɗa musu abin da ka faɗa wa baƙon nan ranar biki. Mutum biyar da takarda ɗaya. Ga Pani Hawryluk nan, mijinta yana cikinsu, ya mutu yana wanke motocin mutane. Kalle ta ka faɗa."

"Zamanin ne," in ji shi. "Ba ku san yadda ake ciki ba. Da ban kai suna ba, da nawa za a kai. Ina da iyali."

"Mu kuma kaji muke kiwo a gidan."

"Ni ban aika Levko Koriya ba! Shi ya kai kansa!"

Ostap, wanda ke tsaye a bayanta tun ɗazu kamar ba ya wurin, ya matso taki ɗaya. "Kada ka sake kama sunansa," ya ce. Bai ɗaga murya ba. 

Tekla ce ta zo ta ja hannun mijinta. Ita da Odarka sun yi shekara talatin suna aron gishiri a hannun juna. Ta tsaya dab da ita ta ce ƙasa-ƙasa, "Ban san abin da ya yi ba, Allah ne shaidata. Amma ke kin san abin da kike yi. Kuma ki sani, nawa yana gida, da rai. Kullum ina addu'a kada ya hau jirgin nan, ashe ke za ki amsa mini."

Maganar ta shigi Odarka, ta kwana biyu tana cinta. Ta yi tunanin ko duk wahalarta ta ƙare a yi wa gidan Sawchyn alheri. Ta kasa cin abinci, ta yi wa Ostap faɗa a kan ya bar takalmi a hanya.

A rana ta uku, da azahar, aka ƙwanƙwasa. Orest ne, cikin tsohuwar rigar sanyin ubansa, da jaka a kafaɗa. Bai shigo ba.

"Na tambaye shi," ya ce. "Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya amsa. Don haka na san abin da ya yi wa Levko da Kawu Ostap."

"To."

"Abu ɗaya nake so in ji. Ranar da na kawo miki kifi, kin riga kin yanke shawara?"

"Na riga."

"Kika zuba mini abinci har sau biyu."

"Kana jin yunwa."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Tun ina ɗan shekara tara ba abin da nake so sai tashi sama. Ba ki da hanyar da za ki kama shi ki bar ni?"

"Na nema," ta ce. "Da aikinsa kaɗai na karɓe, da ya zauna a gida yana nuna wa mutane hotonka a Jamus, yana cewa ga ɗana. Ban yarda ya samu wannan ba."

Orest ya daɗe yana kallonta. "Ke da shi ba ku da bambanci."

"Akwai. Amma ba sai ka gani ba."

Ya gyara jakarsa ya ce zai tafi Alberta, ana ɗaukar ma'aikata a rijiyoyin mai. Ya ce ba zai sake taka unguwar nan ba, ba don ita kaɗai ba. Ya sauka daga matakala ya bi titi ta wajen tasha, bai waiwayi gidansu ba da ya zo wucewa. Odarka ta tsaya a ƙofa har ya sha kwana. Sannan ta koma ciki ta ɗumama miyar kabeji, ta ci kwano biyu.

Orest ya cika maganarsa. Yakan rubuto wa uwarsa sau biyu a shekara, a ambulan da sunanta kaɗai. Ya yi aure a Edmonton bai gayyaci ubansa ba, ya sauya sunan gidansu zuwa na Turawa, 'ya'yansa ba su taɓa jin ana kiran Sawchyn ba. Tekla takan hau jirgin ƙasa ta je ta gan su ita kaɗai. Prokop ya daina zuwa coci, zauren ma'aikata kuma ba mai son ganinsa. Ya koma zama a bayan taga, kuma duk safiya in Odarka za ta tafi aiki sai ta bi ta ƙofar gidansa, ko da yake tashar bas ta ɗaya ɓangaren ta fi kusa. Ba ta kallon tagar, ba ta kuma sauri.

Ostap bai taɓa ce mata ta yi daidai ba, bai kuma sake ce mata ta yi kuskure ba. Ƙurar kwal ta cinye masa huhu, ya rasu a kakar 1963. Ranar da aka ajiye gawarsa a falo mutane suna shigowa, sai ga Prokop a bakin ƙofa, da sanda, ya sa baƙar kwat ɗin da ta yi masa yawa. Hirar falon ta tsaya. Limamin coci ya matso kusa da Odarka ya ce, "Pani, rana irin ta yau ce ake yafiya. Marigayin da kansa da ya bar shi ya shigo."

"Da ya bar shi," in ji ta. "Shi ya sa ni na zo ƙofar."

Ta fita ta tsaya a gabansa. Prokop ya cire hula. "Minti ɗaya kawai, Odarka. In ga kum ɗina. Jirgi ɗaya ya kawo mu."

"Za a fito da shi gobe da ƙarfe goma," ta ce. "Titi na kowa ne, ka tsaya can ka gani."

Washegari ya tsaya a tsallaken titi, kansa ba hula cikin iska, har motoci suka wuce. Ya mutu shekara biyu bayan haka, mutum shida suka raka shi, ɗansa ba ya cikinsu.

Odarka ta kai shekara tamanin da ɗaya. A ƙarshen rayuwarta wata ƙungiyar tsofaffin sojoji ta shirya kai iyaye ziyarar kaburbura a Koriya, aka sa sunanta. Ita da ba ta taɓa hawa jirgin sama ba ta yi kwana biyu a hanya. Da ta dawo, matan kicin ɗin zaure suka kewaye ta suna tambayar yadda wurin yake. Ta ce wuri ne mai tsabta, ana yanke ciyawa a kan kari, ana hango teku daga inda yake. Ta ce sun rubuta sunansa daidai, ba su ɓata ko harafi ɗaya ba.